Motsi Ya Fi Laɓewa: Waiwaye a Kan Tarihin Fisiyoterafi da Sunansa na Hausa, "Gashin Ƙashi"

1.0 Gabatarwa

Idan aka kwance wa wanda ya karye ɗori amma gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa, ko ɓarin jikin mutum ya shanye, ko ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, akan tura shi wani sashe na asibiti wanda Hausawa suka fi sani da sashen gashin ƙashi, ma'aikatansa kuwa a ce da su likitocin gashin ƙashi. Fannin da ake nufi shi ne fisiyoterafi, wato ilimin rage ciwo da maido da ƙarfin gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki da tausa da zafi da sanyi da lantarki, ba tare da ƙwaya ko wuƙar fiɗa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin wannan jiyya tun daga zamanin da, har zuwa shigowarta Nijeriya, domin a nuna cewa sunan da Hausa ta raɗa mata hoto ne na wani zango guda a tarihinta, zangon da fannin ya riga ya wuce. Za a ga cewa idan aka auna tarihin da ma'aunin nahawu, labari ne na yadda majiyyaci ya tashi daga matsayin karɓau ya koma aikau. Daga ƙarshe za a duba abin da wannan ke nufi ga masu aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 Kalmomin Jiyyar Gaɓoɓi a Hausa

Gashin ƙashi harɗaɗɗen suna ne. Kalmar farko, gashi, mai gajeren wasali a gaɓar farko, ta fito daga aikatau gasa, saɓanin gashi na kai mai dogon wasali. Baya ga gasa nama ko masara, Bahaushe yakan gasa wurin da ya kumbura da tsumma da ruwan zafi, yakan kuma gasa jikin mai jego. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ta shiga asibiti.

Kafin zuwan asibiti Hausawa suna da masu wannan aiki da kalmominsa. Akwai maɗori, daga aikatau ɗora tare da ɗafa-goshin ma-, wanda ke gyara karaya da tsagewar ƙashi da gocewa da targaɗe. Yakan ja gaɓar ya daidaita ta, ya shafa man shanu ko man kaɗanya, ya jera karare ko tsiraran gora ya ɗaure. Sana'ar gado ce, har a garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori. Akwai wanzami mai yin ƙaho da tsaga, akwai kuma tausa da matsa da ake yi wa wanda jikinsa ya yi tsami.

Gashi kuwa ya samu gindin zama ne saboda matsayin sanyi a tunanin Bahaushe game da cuta. Ciwon gaɓoɓi sanyin ƙashi ne, maganin sanyi kuwa zafi. Wannan tunani ne ya haifar da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, al'adar da likitoci biyu, Davidson da Parry, suka danganta ta, tare da yawan shan kunun kanwa, da ciwon zuciyar masu jego a Zariya cikin shekarun 1970.

Abin lura a nan shi ne, gasa da ɗora da tausa da matsa da tsaga duk aikatau ne so-karɓau, kuma a cikinsu duka mai magani shi ne aikau, majiyyaci ko gaɓarsa shi ne karɓau. An gasa shi, an ɗora shi, an tausa shi. Nasa dai shi ne ya kwanta ya daure.

3.0 Zamanin Da

Wannan tsari ba na Hausawa kaɗai ba ne. Tsohuwar takardar Masar da aka sani da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekarar 1600 kafin Miladiyya, ta kawo raunuka 48, ciki har da yadda ake ɗaure karaya da yadda ake mayar da muƙamuƙin da ya goce. A ƙasar Girka, littattafan da ake jingina wa Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Buƙraɗ, sun bayyana jan gaɓa a kan benci na musamman, da mayar da kafaɗar da ta goce ta hanyar sa diddige a hammata, da kuma tausa. Haka kuma sun lura cewa gaɓar da aka daina amfani da ita takan rame. Jalinus, wanda aka haifa a shekarar 129 Miladiyya, ya fara suna ne da jiyyar 'yan wasan takobi a birnin Pergamon, ya kuma yi rubutu a kan motsa jiki.

Malaman Musulmi sun gaji wannan ilimi suka faɗaɗa shi. Ibn Sina (980–1037) ya keɓe fasali ga motsa jiki da tausa a cikin Al-Ƙanun. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya kasa maƙala ta 30 ta littafinsa At-Tasrif gida uku: lalas da ƙarfe mai zafi, sai yanka da tsaga da ƙaho, sai ɗori. Kalmar Larabci ta ɗori ita ce jabr, wadda ita ce kuma tushen sunan lissafin aljabara, har ma a tsohon Sifaniyanci algebrista yana nufin maɗori. Ke nan tun wancan zamani an san amfanin motsi, sai dai an fi ɗaukar sa abin kiyaye lafiyar mai lafiya. Wanda ya ji rauni kuwa, ɗauri da kwanciya ne rabonsa.

4.0 Hutu ko Motsi: Muhawarar Ƙarni na 19

A ƙarni na 19 ne aka fara ja-in-ja a fili. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm ta ƙasar Suwidin, inda aka tsara motsi a matsayin magani, aka bambance motsin da ake yi wa majiyyaci da wanda yake yi da kansa da wanda yake yi ana turje masa. A 1887 hukumar lafiya ta ƙasar ta fara yi wa masu wannan aiki rajista.

A ɗaya ɓangaren kuma dabarun hana motsi suna ta ƙara inganta. A 1852 wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, ya wallafa bayanin bandejin da ke daskarewa, wanda Hausawa ke kira siminti a yau. A Liverpool ta Ingila, Hugh Owen Thomas (1834–1891), wanda shi kansa ɗan gidan maɗoran gargajiya ne daga yankin Wales, ya tsaya kai da fata cewa maganin gaɓar da ta yi rauni shi ne dogon hutu na dole wanda ba a katse shi. Ya ƙera ƙarfen ɗaure ƙafa mai ɗauke da sunansa. A Faransa kuwa Just Lucas-Championnière ya fitar da littafi a 1895 yana kira da a yi jiyyar karaya da tausa da motsi tun da wuri.

Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙashin da bai haɗe ba yana bukatar a tsare shi, amma gaɓar da aka tsare ta daɗe takan sandare. Tun a 1867 babban likitan fiɗa James Paget ya yi lacca a kan cututtukan da maɗoran gargajiya na Ingila ke warkarwa bayan likitoci sun gaza, ya nuna cewa da yawansu gaɓoɓi ne da suka ƙage saboda daɗewa a ɗaure, maɗori ya motsa su suka saki. A 1892 kuma Julius Wolff na Jamus ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake aza masa.

A wannan ƙarni ne kuma na'urori suka shigo. Duchenne na Faransa ya wallafa aikinsa na motsa tsoka da lantarki a 1855, Niels Finsen na Denmak ya samu lambar Nobel a 1903 saboda jiyya da haske, sannan zuwa shekarun 1930 na'urar ɗumama cikin tsoka da lantarki ta yaɗu a asibitocin Turai. Waɗannan sun ba sabuwar sana'ar kwarjini, amma sun bar majiyyaci a inda yake, a kwance ana yi masa.

5.0 Yaƙi da Shan Inna

Abubuwa biyu ne suka mayar da wannan aiki sana'a mai zaman kanta: yaƙe-yaƙen duniya da annobar shan inna. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Jones, wanda ya koyi aiki a hannun Thomas, ya sa aka riƙa amfani da ƙarfen nan a fagen daga, kuma ana ruwaito cewa mace-macen masu karayar cinya ya sauko daga kimanin 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Sai dai waɗanda suka tsira sun dawo da gaɓoɓi a sandare, dole aka nemi masu farfaɗo da su. A Amurka, matan da suka yi wannan aiki a asibitocin soja su ne suka kafa ƙungiyar sana'ar a 1921, Mary McMillan ta zama shugabarta ta farko.

Game da shan inna kuwa, al'adar likitoci ita ce a ɗaure ƙafafun yaro da siminti ko ƙarfe na tsawon watanni. Wata ma'aikaciyar jiyya 'yar Ostareliya, Elizabeth Kenny (1880–1952), ta ƙi wannan hanya. Takan naɗe gaɓar da tsumman ulu mai ɗumi domin tsoka ta saki, sa'an nan ta shiga koya wa yaron motsa ta. An yi mata ca a ƙasarta, ta koma Minneapolis ta Amurka a 1940, inda aka buɗe cibiya da sunanta a 1942. A hanyar Kenny gashi share fage ne kawai, motsi shi ne aikin.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1944 Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, ya sa wasanni cikin jiyya. Gasar da ya fara a 1948 ita ce ta zama wasannin naƙasassu na duniya a birnin Rum a 1960. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana hanyar ƙarfafa tsoka da ɗaga nauyi ana ƙara shi sannu a hankali. A Landan kuma Berta Bobath da mijinta Karel suka ɓullo da dabarun koya wa masu shanyewar jiki motsi. A 1951 ƙungiyoyi 11 suka haɗu a Copenhagen suka kafa ƙungiyar fisiyoterafi ta duniya.

Sunan sana'ar ma ya riƙa bin waɗannan sauye-sauye. Ƙungiyar Ingila ta fara a 1894 da sunan ƙungiyar horarrun masu tausa, a 1920 aka ƙara motsa jiki na magani a cikin sunan, a 1944 ta koma ƙungiyar fisiyoterafi. A Suwidin ma tsohon laƙabin sjukgymnast, mai nufin mai motsa jikin marasa lafiya, ya ba da wuri ga fysioterapeut a 2014.

6.0 Shigowarsa Nijeriya

Yaƙi ne ya kawo fisiyoterafi Nijeriya. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu da Hausa suke magana, sun yi yaƙi a Bama, wasu suka dawo da raunuka. A 1945 aka kawo ƙwararru biyu daga Ingila, Manfield da Williams, zuwa asibitin ƙashi na Igbobi a Legas domin su yi jiyyar waɗannan sojoji su kuma horar da mataimaka. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta Nijeriya, kuma a shekarar ce aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, inda Thompson Abayomi Oshin ya taka muhimmiyar rawa. Legas da Ife da Nsukka suka biyo baya. Doka ta 38 ta 1988 ta kafa hukumar yi wa masu sana'ar rajista, a 1989 kuma aka fara horar da su a Kano, horon da ya koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Wannan tarihi ya isa ya fassara kalmomin biyu da ke cikin sunan Hausa. Sana'ar ta shigo ta ƙofar asibitin ƙashi, shi ya sa aka ce ƙashi. Ta kuma shigo a zamanin da fitilar zafi da narkakken kaki da na'urar ɗumama tsoka suka cika ɗakin jiyya. Bahaushen da ya ga an kwantar da ɗan'uwansa an haska masa jar fitila a gwiwa bai bukaci sabuwar kalma ba, domin abin da ya gani gashi ne irin wanda ya sani a gida, sai dai na Bature. Ta fuskar ƙirƙirar kalma, wannan faɗaɗa ma'ana ce mai kyau, ga kuma amsa-amo tsakanin gashi da ƙashi wanda ya sa sunan ya yi daɗin faɗa.

7.0 Rinjayen Motsi

Bincike ya ci gaba bayan sunan ya zauna. A 1966 a birnin Dallas aka kwantar da samari 5 masu shekara 20 a gado na mako 3, sai ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su a 1996, aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi shekara 30 na tsufa yi musu illa. A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa suka nuna cewa kwanciyar kwana 7 ba ta fi ta kwana 2 amfani ga mai ciwon baya ba, a 1995 kuma wani bincike a Helsinki ya nuna cewa wanda ya ci gaba da harkokinsa gwargwadon iko ya fi saurin warkewa.

Dalilan a bayyane suke. Guringuntsin gaɓa ba shi da hanyoyin jini, da motsi ne ruwan gaɓa ke ratsa shi ya ciyar da shi. Tsoka ba ta ƙarfi sai an sa ta aiki. Ƙwaƙwalwar wanda jikinsa ya shanye tana buɗe sababbin hanyoyi ne ta yawan maimaita motsi. Zafin da aka ɗora a fata kuwa yana buɗe hanyoyin jini ya sassauta tsoka, amma ba ya wuce santimita ɗaya zuwa biyu, ba ya haɗa ƙashi, ba ya kuma gina tsoka. Ra'ayin da Melzack da Wall suka gabatar a 1965 ya bayyana dalilin da ya sa tausa ke rage zogi: saƙon taɓawa yana tare wa saƙon ciwo hanya a cikin laka. Sauƙi ne na ɗan lokaci, wanda amfaninsa shi ne ya ba majiyyaci damar motsawa.

Bisa ga haka, ƙa'idojin jiyyar ciwon baya na Ingila na 2016 sun sa motsa jiki a gaba, suka hana jan baya da na'ura da ɗamarar baya da wasu na'urorin lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da ciwon baya a 2020, ta bi kusan wannan sahu a 2023 game da ciwon da ya daɗe. Majiyyaci ya zama shi ne mai tafiya, mai ɗagawa, mai miƙewa, likita kuwa mai tsarawa da lura.

8.0 Matsalar Suna

Ana iya cewa suna linzami ne kawai, kuma kalma takan rayu bayan asalinta ya shuɗe. Har gobe ana buga waya ko da yake babu wayar, jirgi kuma ya tashi daga ruwa ya hau sama. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma akwai bambanci. Wanda ya ce waya ba ya neman igiyar ƙarfe, alhali gashi aiki ne da ake yi a kowane gida har yanzu, don haka ma'anarsa ta asali tana nan da ranta, tana kuma jan hankalin mai ji.

Illar tana da fuska uku. Ta farko, kalmar ƙashi tana iya kore waɗanda suka fi bukatar sashen. Mai shanyewar ɓarin jiki, da yaron da ya kasa zama ko tafiya, da mai ciwon ƙirji, da waɗanda shan inna ya naƙasa kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a 2020, babu wanda ƙashinsa ya karye a cikinsu. Ta biyu, wanda ya zo da niyyar a gasa shi, aka ce ya tashi ya taka, yana iya ganin ba a yi masa komai ba, ya watsar da motsin da aka ce ya yi a gida. Ta uku, wanda ya ɗauka gashi ne maganin yakan yi abinsa da kansa, alhali zafi yana ƙara kumburin sabon rauni, yana kuma ƙona ƙafar da ba ta ji, kamar ta mai ciwon sukari ko kuturta ko raunin laka.

Matsalar ba ta tsaya ga suna ɗaya ba. Kalmar jijiya tana ɗaukar hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, alhali jiyyar kowace daban ce. Hausa tana da agara da laka da guringuntsi da ɓargo, waɗanda za a iya keɓe kowace ga ma'ana guda. An ma fara irin wannan aiki, domin a 2019 an wallafa fassarar Hausa ta ma'aunin Oswestry na auna yadda ciwon baya ke hana mutum harkokinsa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa jiyyar gaɓoɓi ta daɗe tana kai-kawo tsakanin hutu da motsi, kuma tun daga tsakiyar ƙarni na 20 motsi ne ya yi rinjaye, ba tare da an jefar da ɗori a lokacinsa ko zafi a muhallinsa ba. Sunan gashin ƙashi ya adana hoton shekarun 1940 da 1950, lokacin da majiyyaci yake karɓau.

Shawarar da za a bayar ita ce a bar gashi ga jiyya da zafi kaɗai, a riƙa kiran fannin gaba ɗaya fisiyoterafi a rubutun ilimi, a kuma gwada jiyyar motsi ko farfaɗo da gaɓoɓi a rediyo da allunan asibiti, a ga wadda jama'a za su karɓa. Wannan aiki ne da ya kamata masana harshe da likitocin fannin da maɗoran gargajiya su zauna a kansa tare, tun da kowanensu yana riƙe da wani ɓangare na kalmomin. Hausa ba ta rasa tushen da za a ɗora sabon sunan a kai ba, domin tun kafin binciken Dallas da na Helsinki masu iya magana suka ce motsi ya fi laɓewa.